Tallafi: Haƙƙi ne ko Alfarma?

A watan Maris na 2024, ana cikin azumi, mata suka yi cincirindo a Bauchi domin karɓar zakkar wani attajiri. Turmutsutsu ya ɓarke, wasu sai gawarsu aka mayar gida. Kafin shekarar ta ƙare aka maimaita a Ibadan da Okija da wata coci a Abuja, inda mutum fiye da 60 suka mutu wurin rabon abinci, da yawansu yara ƙanana.

Yunwar da ta kai su layin ba daga sama ta faɗo ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, sannan darajar naira ta zube. Gwamnati ta yi alkawarin naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai, Betta Edu, bisa zargin karkatar da kuɗi, aka kuma tsayar da shirye-shiryen tallafin, har da N-Power na matasa marasa aiki.

Abin da ake miƙa wa talaka a irin wannan hali, nasa ne ko alfarma ake yi masa? Malaman fiƙihu sun daɗe da yanke magana: zakka haƙƙin mabuƙaci ce, mai dukiya nauyi ya sauke. Shi ya sa cikin kashi takwas na masu cin ta har da ma'aikatan da ke tattarawa da rabawa. An tanadi tsari ne don kada mai haƙƙi ya zubar da mutuncinsa a ƙofar wani.

Sayyidina Umar ya nuna haka a aikace. A shekara ta 18 bayan Hijira fari ya afka wa Hijaz, mutanen karkara suka kwararo Madina. Ya rubuta wa gwamnoninsa su aiko da abinci, ya naɗa masu kula da baƙin da ƙirga su, aka girke tukwane ana dafawa, marasa lafiya ana kai musu har inda suke. Ya jinkirta karɓar zakka, ya dakatar da yanke hannun wanda yunwa ta sa shi sata. Shi kansa ya haƙura da nama da man shanu, ya koma gurasa da man zaitun har fatarsa ta sauya.

A Najeriya kuwa, da gwamnati ta dawo da biyan kuɗin tallafin, ta ce sai mai lambar NIN da asusu, don toshe ƙofar sunayen bogi. Gyara ne mai kyau. Amma bazawarar ƙauye mai marayu, wadda ba ta da waya balle asusu, tana nan a waje. Ko da ta samu, 25,000 ba ta sayen rabin buhun shinkafa a ƙarshen 2024, kuma ba wanda ya taka zuwa gidanta ya rubuta sunanta.