Gumin Wa Ake Sayarwa a Filayen Jami'o'in Amurka?

Ed O'Bannon yana sana'ar sayar da motoci a jihar Nevada lokacin da ya ga abin da ya tsaya masa a rai a gidan wani abokinsa. Yaron gidan yana wasan kwamfuta na ƙwallon kwando, ɗan wasan da yake juyawa a allon kuwa baƙi ne, bahago, mai aski ƙwal-kwabo, sanye da rigar jami'ar UCLA mai lamba 31. Babu suna a rigar, amma ko makaho ya shafa ya san ko wane ne. O'Bannon ne, kamar yadda yake a 1995 da ya ciwo wa jami'arsa kofin ƙasa. Kamfanin EA Sports ya sayar da wasan, masu ba da lasisi sun karɓi nasu, mai siffar kuwa ko sisi. A 2009 ya maka hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, a kotu.

Wanda bai san Amurka ba zai ɗauka wasan yara ake nufi. Ina! Filin ƙwallon jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000. A 2010 gidajen talabijin na CBS da Turner suka amince su biya dala biliyan 10.8 cikin shekara 14 don nuna gasar ƙwallon kwandon maza ta watan Maris. A 2023 jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta, Jimbo Fisher, da alkawarin biyansa fiye da dala miliyan 75 ya je gida ya zauna. Koci yana da albashi, mai yankan ciyawar fili yana da nasa, mai yagar tikiti ma haka. Saurayin da aka cika filin don a kalla shi kaɗai aka ce kuɗi zai ɓata masa tarbiyya.

Hujjar NCAA tsohuwa ce, kuma tana da daɗin ji: wasa don son wasa ya fi wasa don kuɗi tsarki. Sai dai asalin wannan aƙida bai kai haka tsarki ba. A Ingila ta ƙarni na 19 aka raine ta, inda dokokin tseren kwale-kwale suka hana leburori da masu aikin hannu shiga gasa da 'ya'yan masu hali. Wanda gidansu akwai ci da sha ne kawai zai iya wasa kyauta.

Ko a ajiye tarihi gefe, tambayar tana nan. Ƙin karɓar lada halin kirki ne idan mutum ya zaɓar wa kansa. Amma a ce attajiri ya tara yaran shagonsa yana yi musu wa'azin gudun duniya, alhali cinikin ranar yana aljihunsa, wa zai kira wannan tarbiyya? Jami'o'in kan amsa da cewa ai suna biya, da karatu kyauta da ɗakin kwana da abinci, abin da kan kai dubban daloli a shekara. Gaskiya ne, kuma yara da yawa da ba don ƙwallo ba da ba su taka ƙofar jami'a ba. To amma malaman fiƙihu da suke maganar ijara sun gindaya sharuɗɗa uku masu sauƙi: a san aikin, a san ladan, kuma a yi da yardar ɓangarorin biyu. A nan jami'o'in ne suka haɗa baki suka yanka farashi ɗaya, suka haramta wa kowacce ta ƙara. Daga 1973 har kusan shekara arba'in, shekara-shekara ake sabunta gurbin karatun, wato koci na iya janye shi in ƙafar yaro ta daina gudu. Abin da mai bayarwa zai iya ƙwacewa duk sanda ya ga dama, kuma mai karɓa ba shi da bakin tayawa, da wuya a kira shi haƙƙi.

Akwai dalilin da ya sa aka dage kan cewa 'yan wasan ba ma'aikata ba ne. A 1955 wani ɗan wasan kwalejin Fort Lewis a Colorado, Ray Dennison, ya rasu sakamakon bugun da ya samu a ka a cikin fili. Matarsa ta nemi diyyar da ake ba iyalan ma'aikacin da ya mutu a bakin aiki, kotun ƙolin jihar ta hana ta. Walter Byers, babban daraktan NCAA na farko, daga baya ya bayyana da kansa a littafinsa na 1995 cewa tsoron irin wannan diyya ne ya sa suka ƙirƙiro laƙabin ɗalibi ɗan wasa, suka cusa shi ko'ina.

A 2014 abubuwa suka fara kwancewa. Shabazz Napier, tauraron jami'ar Connecticut da ta ci kofi a shekarar, ya gaya wa 'yan jarida cewa wasu dararen da yunwa yake kwana. A shekarar ce kuma 'yan ƙwallon jami'ar Northwestern, ƙarƙashin jagorancin Kain Colter, suka nemi kafa ƙungiyar ƙwadago. Jami'in hukumar ma'aikata ta NLRB a Chicago ya duba ya ga suna ba ƙwallo awa 40 zuwa 50 a mako a kakar wasa, ya ce ma'aikata ne. Aka kaɗa ƙuri'a, aka kulle akwatin. A 2015 uwar hukumar a Washington ta zame, tana cewa mafi yawan manyan ƙungiyoyin wasan na jami'o'in gwamnati ne, waɗanda ikonta bai kai gare su ba. Har yau ba a ƙirga waɗannan ƙuri'u ba.

Kuɗin dai ya zo. A Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙoli tara duka suka kayar da NCAA a shari'ar Alston, har mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa da a kusan kowace sana'a aka yi wannan tsari, da ya saɓa doka ƙarara. Kwanaki kaɗan bayan haka aka bar 'yan wasa su yi talla da sunansu da hotonsu. (Ɗaliban ƙetare, ciki har da 'yan Najeriya masu gudu da ƙwallon kwando, ba su ci moriyar sosai ba, don bizar karatu ta taƙaita musu neman kuɗi.) A Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken, wadda ta yanke hukuncin O'Bannon, ta amince da sulhun shari'ar House: kimanin dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, sannan kowace jami'a za ta iya raba wa nata har dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

Masu ɗari-ɗari da biyan 'yan wasa ba shirme suke yi ba. Sassan wasanni da yawa ba sa cin riba, kuma rarar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ce ke ɗauke da masu ninƙaya da kokawa da yawancin wasannin mata. Amma amsar nan ita ma da ƙaya a jikinta, tunda tana nufin samari, da yawansu baƙaƙe 'ya'yan talakawa, su ne za su riƙa ɗaukar nauyin wasan wasu da gwiwoyinsu, ba tare da an tambaye su ba.

Maganar ƙungiya ce ta tsaya cak. A Maris 2024 'yan ƙwallon kwandon Dartmouth suka zaɓi shiga ƙungiyar ƙwadago da ƙuri'a 13 da 2, amma kafin shekarar ta ƙare aka janye takardar, saboda fargabar abin da hukumar za ta yanke bayan sauyin gwamnati. A gasar ƙwararru ta NFL da NBA ma akwai iyakar albashi, sai dai da ƙungiyar 'yan wasa ake zama a yi ciniki, a haɗa da inshora da fansho da kwanakin atisaye. Iyakar da ke kan 'yan jami'a kuwa lauyoyi da shugabannin wasanni ne suka tsara ta, na tsawon shekara 10, kuma za ta hau kan yaran da a ranar da aka sa hannu ba su ma gama firamare ba.