Yaushe Janye Magana Ke Zama Dattaku?

Wajen shekara ta 300 bayan Hijira, wata ranar Juma'a, Abul Hasan al-Ash'ari ya miƙe a babban masallacin Basra ya shaida wa jama'a cewa ya bar aƙidar Mu'utazila. Yana da kimanin shekara 40 a lokacin, ya kuma daɗe yana kare aƙidar a gaban malaminsa al-Jubba'i. A idon abokansa na jiya, ya yi amai ya lashe. Amma yau ana jingina wa sunansa ɗaya daga cikin manyan makarantun tauhidi na Ahlus Sunna.

Shekaru kusan 80 kafin nan, an nemi Imam Ahmad bin Hanbal ya sauka daga tasa matsayar. Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai a shekara ta 218 su ce Alƙur'ani halitta ne. Da yawa suka amsa don tsira da rai. Ahmad ya ƙi, aka tsare shi fiye da shekara biyu, aka yi masa bulala a zamanin Halifa Mu'utasim.

Ɗaya ya janye, ɗaya ya kafe, an kuma yaba wa dukansu. Dalilin yana ga abin da ya tura kowannensu. Hujja ce ta motsa Ash'ari, ya fito bainar jama'a ya ɗauki asarar da kansa. Ahmad kuwa bulala aka kawo masa, ita kuma ba ta warware mas'ala. Imam Shafi'i ma da ya koma Masar ya sauya fatawoyi da dama da ya bayar a Iraƙi, almajiransa suka adana tsohon zancen da sabon, ba su ɓoye ko ɗaya ba.

Alkawari ya fi ra'ayi wuyar janyewa, domin wani ya riga ya ɗora rayuwarsa a kai; wanda ya fasa aure bayan an sa rana, wasu ya bari da kunya. Duk da haka, ko rantsuwa ana warware ta idan cikata zai cutar da wani. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara ciyar da ɗan'uwansa Misɗahu ba, saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Uba ne da aka taɓa wa 'ya, kowa zai fahimci fushinsa. Da aya ta sauka a Suratun Nur tana kira ga yafiya, sai ya sauka daga rantsuwar, ya mayar wa Misɗahu da ciyarwar da ya saba yi masa.