Atamfa Mai Zuba da Tabon Hanta

Ba a gane atamfa mai zuba a shago. A kan kanta, mai tsada da mai araha duk sheƙi suke yi. Matan da suka san zane ba sa musu da ɗan kasuwa, sai su ce a bari sai ranar wanki. Nan ne ta kirki ke riƙe launinta, ta banza kuwa ta saki rininta cikin bokiti.

Likitan hoto ma da rini yake gwada ɗan tabon da aka hango a hanta. Mutum ya je sikanin ciki don wata larura dabam, sai takarda ta fito da labarin tabo mai santimita ɗaya da rabi. Kafin ya iso gida an fara yi masa jaje. Alhali a hantar da take lafiya, yawancin irin wannan ba kansa ba ne: ko dai 'yar jakar ruwa ce, ko hemanjiyoma, wato dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini da mutum kan tsufa da shi bai sani ba.

Hanta na shan jini ta hanya biyu. Kusan kashi uku cikin huɗu daga hanji yake zuwa, ragowar kuma ta jijiyar da ke kawo jinin zuciya. Kansar hanta ta wannan ta biyun take sha. Saboda haka idan an yi allurar rini a jijiya, ana ɗaukar hoton CT ko MRI daki-daki: bayan kamar daƙiƙa 35, sai wajen daƙiƙa 70, sai kuma bayan minti 3 zuwa 5. A hoton farko kansa kan rigaya sauran hanta haske. A na baya, lokacin da hanta ta ƙoshi da rini, ita ta riga ta zuba, ta koma duhu. Hemanjiyoma ba ta gaggawa. Daga gefe take somawa, ɗigo-ɗigo, rinin na kutsawa tsakiya a hankali, kuma in ta kama ba ta saki. Jakar ruwa ko kaɗan ba ta sha. Don haka CT ɗin da aka yi babu rini domin tantance irin wannan tabo, a ganina asarar kuɗi ce.

A 2011 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da ma'aunin LI-RADS, daga mataki na 1, lafiyayye tabbas, zuwa na 5, kansa tabbas. Amma an yi shi ne don masu haɗari kawai, kamar wanda hantarsa ta ƙeƙashe ko mai daɗaɗɗen ciwon hanta nau'in B. Tabo iri ɗaya, hukunci biyu, gwargwadon hantar da yake zaune a kanta. Wanda ya tsaya tsaka-tsaki, wani lokaci sai an ciro ɗan tsokarsa da allura.

Tabon da bai kai santimita ɗaya ba kuwa, rinin ma bai cika raba gardama ba. Likita zai ce a dawo bayan wata 3 zuwa 6 a sake aunawa. Majinyata kan ɗauki wannan a matsayin sakaci, su tafi neman wani. Ba sakaci ba ne, girman abin ake jira a gani.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Binciken ƙasa na 2018 ya sami nau'in B a jikin kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya, ga gubar afulatoksin da ke cikin gyaɗa da masara masu fumfuna tana ƙara haɗarin. Ƙaramar kansar hanta ba ta ciwo. Kafin ciki ya kumbura ido ya yi rawaya, sau da yawa an makara. In kana da nau'in B, tambayi likitanka batun sikanin hanta duk wata shida, kuma ka adana tsofaffin takardunka, domin da su za a gane ko tabon ya ƙaru.