Shin Ɓoye Ciwo Haƙuri Ne?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta Ya kuma saukar da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Malamai sun daɗe suna wa'azi a kan cututtukan zuciya, watau hassada, da riya, da girman kai, da son duniya. Madogararsu kuwa hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru ne, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, inda aka nuna gyaruwar jiki da ɓacinsa duk suna rataye ga tsoka guda. To, ita wannan tsoka tana da waɗansu cututtuka da ba a cika jin su a kan mumbari ba, su ne waɗanda likita yake ganowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan daga ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali suke.

A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum dauriya abin yabo ce. Manomi yakan ji nauyi ya danne masa ƙirji yana tsakiyar huɗa, sai ya koma gindin itace ya huta, ya ce gajiya ce. Mai jego takan ga ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, amma kunyar suruka ta hana ta faɗi. Ran da ta Allah ta kasance sai a ce mutuwar fuju'a ce, kwana ne ya ƙare. Lalle kwana ne ya ƙare, babu Musulmin da yake jayayya da wannan. Abin tambaya shi ne, wancan shirun da aka yi wata da watanni, haƙuri ne wanda ake ba da lada a kansa, ko kuwa sakaci ne da amana wanda za a tambayi mai shi?

Masu yin shiru suna da hujjarsu, ba kuwa ta banza ba ce. Sukan ce cuta kankarar zunubi ce, ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma kai ƙarar Mahalicci wurin abin halitta rashin ladabi ne. Sukan kawo Annabi Ayyuba, wanda ya jure ciwo har Allah Ya yabe shi. Amma wanda ya bi ƙissar zuwa ƙarshenta a Suratu Saad zai tarar Annabi Ayyuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, aka umarce shi ya bugi ƙasa da ƙafarsa, ruwa ya ɓuɓɓugo, ya yi wanka ya sha. Allah Mai iko ne Ya warkar da shi ba da ruwa ba, amma sai da Ya sa shi ya motsa ƙafa. Abin da malamai suka hana shi ne raki da fushi da ƙaddara. Gaya wa likita ko miji ko uba inda yake ciwo, labari ne aka bayar domin a nemi magani. Buhari ya ruwaito cewa Manzon Allah da kansa ya gaya wa Nana A'isha kansa yana ciwo.

Har ila yau Abu Dawuda ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya yi rashin lafiya, Manzon Allah ya je duba shi, ya ɗora hannu a ƙirjinsa, ya sanar da shi ciwon na zuciya ne, sa'an nan ya tura shi wurin Harisu ɗan Kalada, likitan Saƙifawa. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin wannan ruwaya, amma hadisin Usamatu ɗan Shariki, wanda ya yi umarni da neman magani, ya ƙarfafa ma'anarta. A kan wannan turba shugabannin jihadi suka tafi. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insani a kan gyaran addini da gyaran jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa bai ga ƙasƙanci ba ga rubuta littafi sukutum a kan maganin basir.

In ya tabbata jiki amana ne, to, sanin alamun lalacewarsa ya zama wajibi, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Alamun kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wanda kan taso in ana aiki ya lafa in an huta, wani lokaci ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi. Haki a kan tafiyar da a da ba ta sa haki. Kasa kwanciya rigingine sai an tara matasan kai, ko farkawa tsakar dare ana neman iska. Kumburin ƙafafu wanda in an danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Faɗuwar gaba ba dalili, da jiri, da suma. In ciwon ƙirji ya zo da gumi mai sanyi ya ƙi lafawa, ko baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, wannan ba abin a jira wayewar gari ba ne, ba kuma abin a tsaya ana cewa iska ce ta shafe shi ba. A yi masa addu'a ana kan hanyar asibiti.

Wadda ta fi kowa shiga haɗari cikin shiru ita ce mai jego. Akwai wani ciwo da kan raunana zuciyar mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni biyar bayan haihuwa, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa bincikensu a kansa a Zariya, suka danganta shi da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. A 2007 wani bincike a Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ya same shi a kusan haihuwa ɗaya cikin ɗari. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya bai ɗora laifin a kan wanka da kunu ba, ya fi karkata ga rama, da hawan jinin goyon ciki, da ƙarancin wani sinadarin abinci mai suna seleniyam. Ko ma wanne ne ya fi rinjaye, abu guda ya tabbata: kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta riga ta raunana kuwa ba ta iya ɗaukar wannan kaya. Saboda haka mai jegon da take haki tana kumbura, likita take bukata, ba ƙarin kunu ba. Al'ada abar girmamawa ce matuƙar ba ta cutar ba, amma shari'a ta sa kiyaye rai a gaba da ita.

Mutanen wannan yanki suna da wani dalili na musamman. A 2010 aka gano gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu. Hankali ya koma kan yara, haka kuwa ya dace. Sai dai dalma takan zauna cikin ƙashin babba shekaru masu yawa, tana jawo hawan jini, tana ɓata ƙoda. Duk wanda ya taɓa fasa dutse ko niƙa shi ko wanke shi, ya kamata ya riƙa kai hannunsa a auna.

Shi hawan jini ɓarawo ne mai sanɗa, galibi ba ya sallama. Awo kaɗai ke tona shi, kuma in ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, likitoci sun ɗauke shi cuta. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya yar da shi don ya ji sauƙi, in azumi ya zo ya nemi shawarar likita a kan lokutan sha. Gishirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa babba a yini bai kai giram 5 ba, watau kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafi. Taba kuwa babu alheri a cikinta ga zuciya ko kaɗan.

Wani zai ce duk an ji, amma da me za a je? Hanyar Gusau da ta Sakkwato suna da nisa, rashin tsaro ya ƙara musu nisa, aljihu kuma babu nauyi. Wannan gaskiya ce, Allah kuwa ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Sai dai uzurin talaka hujja ce a kan mai hali. Abin awon jini bai kai kuɗin tunkiya ba. Da mawadatan kowace unguwa za su saya su ajiye wurin ma'aikacin lafiya, limami ya yi shela bayan sallar Juma'a, da an tsamo mutane da yawa tun ciwo yana ɗanye. Majinyacin da ba shi da kuɗin mota fakiri ne, yana da rabo a zakka. Magidanci kuma makiyayi ne abin tambaya a kan iyalinsa. Wanda ya san kunya za ta hana matarsa magana, shi ya kamata ya fara tambaya.

Ashe haƙurin da ake ba da lada a kansa shi ne mutum ya yarda da hukuncin Ubangijinsa, ya faɗi ciwonsa ga wanda zai taimake shi, ya sha magani, sa'an nan ya bar wa Allah sakamako. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ya yi shiru har soro ya rufta, ba zai zargi damina ba.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya zaunar da ƙasar Zamfara lafiya, amin.