Wa Ke Da Ɗa Idan Aure Ya Mutu?

A ƙasar Kaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, kamar sauran ƙasar Hausa, in aure ya mutu ba a rasa jin dangin miji suna cewa ɗa na uba ne. Da an yaye yaro sai a aiko a ɗauke shi, a kai wa kakarsa ta wajen uba ko kishiyar uwarsa. Uwar ta yi kukanta ta haƙura, don an gaya mata haka addini ya ce.

Alhali kuwa ba haka littattafan mazhabar Malikiyya suka ce ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, ta ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, ɗiya kuwa har ta yi aure ta tare. In uwar ta sake aure, riƙo ya koma hannun mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Na uba shi ne nasaba da ciyarwa da tufatarwa, ko a gidan wa yaron ke kwana. Mu dai mun gwama nasaba da riƙo, muka kuma manta da ciyarwar. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) ya ga ɗaya fuskar abin: mijin da ya kori mata da 'ya'ya tara, bai damu da abin da za su ci ba.

To, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999, mutane sun ƙara sanin hanyar kotu. Nan ne tambayar da ke damuna take. A ce an ƙwace yaro yana ɗan shekara biyu. Uwar ta yi ta jeka-ka-dawo, a ɗage yau, a ɗaukaka ƙara gobe, har ta ci shari'a yana da shekara bakwai. Yaron bai san wata uwa ba sai tsohuwar da ke dama masa fura. Yanzu masinjan kotu ya zo ya janye shi yana ihu? In an bar shi, an saka wa wanda ya yi ƙwace da alheri ke nan, kuma gobe kowa zai yi koyi. In an ɗauke shi, an yaye shi sau biyu.

Magabata ba su jahilci wannan ba. A Muhtasar na Halil, in uwa ta yi aure, mai haƙƙin karɓar yaro ya sani ya yi shiru har shekara guda, haƙƙinsa ya faɗi. Ni a fahimtata, sun lura cewa yaro ba buhun gero ba ne da za a ajiye a zo a ɗauka ranar da aka ga dama. Amma uwar da ke zarya a kotu ba shiru ta yi ba, don haka ba za a hukunta ta da jinkirin da ba nata ba.

Ina ganin a mayar mata da ɗanta, amma ba rana ɗaya ba. Ya fara zuwa yini, sannan kwana, a kuma bar wa tsohuwar ƙofa buɗe. Na san wannan ya fi sauƙi a takarda, musamman a shekarun nan da 'yan bindiga suka sa bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi ya zama sai an yi shahada. Uban da ke Zurmi, ɗansa na Shinkafi, yana iya shafe watanni bai gan shi ba, ko da alƙali ya rubuta masa ziyara duk Juma'a.