Allah Bai Tsauta wa Iliya Ba

'Yan'uwa cikin Kristi, ku duba Littafin Sarakuna na Fari, sura 19. Annabi Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, amma da Yezebel ta nemi ransa ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙi mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Daga baya ya yi magana da shi a Horeb, ya ba shi Elisha mataimaki.

A cikin ekklesiyarmu akwai masu irin wannan nauyin zuciya. Likitoci suna ce da shi ciwon damuwa. Mutum yakan yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki, barci ya ƙi, abinci ba ya ciyuwa, aiki ya fita ransa. Mu kuwa sai mu ce rashin bangaskiya ne, ko sammu, ko ƙyuya. Saboda bakinmu yakan ɓoye, ciwon ya yi ta cinsa. Ciwo ne fa kamar kowane ciwo, yana kuwa da magani.

In ba ka ga ɗan'uwa a sujada ba, je gidansa. Zauna ka saurara, ku yi addu'a, ka raka shi asibiti. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita ran nan.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai tausayi. Amin.