Shin Kunya Ta Hana 'Yarki Kare Kanta?

Kwanakin baya wata ɗalibata 'yar shekara 13 ta taso daga Islamiyya dab da magariba, wani ƙato ya riƙe mata hijabi a lungu. Allah Ya kawo mai ruwa da kurarsa, mutumin ya arce. Da na tambaye ta dalilin da ya hana ta yin ihu, sai ta ce: "Malama, kunya na ji a ji muryata." Wallahi maganar nan ta hana ni barci, domin mu muka koya mata cewa 'ya mace ba ta ɗaga murya, muka manta mu gaya mata inda dokar ta tsaya.

Wannan ne ya sa na waiwayi karate, wanda da yawanmu muke ɗauka wasan finafinai ne kawai. Asalinsa daga tsibirin Okinawa ne a ƙasar Japan, kuma ma'anar sunan "hannu ba makami". Gichin Funakoshi, wanda ya nuna shi a Tokyo a 1922, ya horar da almajiransa a kan kada su fara kai hari. Mata ma sun yi nisa a cikinsa: a 2021 Feryal Abdelaziz ta zama macen Masar ta farko da ta ci zinare a gasar Olamfik, kuma a karate ta ci shi.

Amma kada in yaudare ki. Yarinya ba za ta kayar da ƙato don ta yi wata shida tana horo ba, kuma gaban mai bindiga karate ba ya da ta cewa. Amfaninsa ƙarami ne, sai dai a wurin da ake bukatarsa. Tsoro yakan sandarar da mutum, jiki ya ƙi motsi, murya ta maƙale. Wadda ta maimaita fizge hannu sau ɗaruruwa, jikinta zai yi kafin ta yi tunani. Ana koya mata ta murɗa hannunta ta wajen babban yatsan wanda ya riƙe ta, don nan riƙo ya fi rauni. Ana koya mata ihu daga ciki, wanda suke kira kiai. Daƙiƙa biyu take nema ta kuɓuce ta ruga cikin mutane.

To shin wannan ya saɓa wa kunya? Ni dai ban gani ba. Nusaiba 'yar Ka'ab ta ɗauki takobi ranar Uhudu tana kare Manzon Allah (SAW), ba wanda ya ce ta yi rashin kunya. Ana jin kunya ne don a tsare mutunci, yaya za ta zama igiyar da ke ɗaure yarinya lokacin da ake son keta shi?

Sharaɗina dai mace ta koyar, a wuri killatacce, da sutura cikakkiya, kuma da sanin maigida. Kafin mu samu mai koyarwa, a ajinmu mun fara da ihun. Ranar farko dariya suka yi ta yi, mutum uku kaɗai suka iya.